Yadda Albasar Goronyo Ta Gyara Mini Darasi

Tun ranar da na dawo ban sami sukuni ba. A ɗakin malamai, a bakin majami'a, har a wurin mai aski, tambayar ɗaya ce: me ya kai ni gabashin Sakkwato a tsakiyar zafin bazara, ni da ko Kaduna ba na zuwa sai dole? Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura cewa duk wanda na ba shi labarin da baki, kafin ya kai wa na gaba ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai raƙumi ya kayar da ni. Ban hau raƙumi ba. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da ya faru sau ɗaya, bi da bi, domin kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ga dalilin tafiyar. Shekaru da dama ke nan ina koyar da ilimin tattalin arziki a kwalejinmu ta Zariya, kuma a cikin darussana akwai wanda nake ji da shi ƙwarai, wanda na sa wa suna kasuwa mai barci. Na gina shi a kan jadawalin farashi da malaman kasuwa na Rabah da Wurno da Goronyo suke aikowa. A jadawalin nan kashin albasa kwabo ne da kaka, kwabo ne da bazara, kwabo ne da damina. Mudun gero ma da ƙyar yake motsawa. Na yanke hukunci cewa mutanen wannan yanki ba su san yawa da ƙaranci ba, kasuwarsu barci take. Haka nake koyarwa, haka ɗalibai suke kwafa.

A jarrabawar ƙarshe ta bana na yi tambaya a kan darasin. Kowa ya rubuta abin da na koya masa, sai ɗalibi ɗaya, Umaru, mutumin Taloka ta ƙasar Goronyo. Shi ya rubuta cewa farashi yana motsi a garinsu kamar ko'ina, sai dai ba a kuɗin yake motsi ba, a kashin kayan yake. Bai kawo hujja ko ɗaya ba. Na ja masa jan layi, na kayar da shi. Wanda ya faɗi wannan takarda kuwa ba ya samun takardar shaida, kuma En'e, wato hukumar gargajiyar da ta turo shi, ba ta ƙara wa kowa shekara. Ma'ana, Umaru zai koma gida hannu wofi bayan duk shekarun da ya yi. Majalisar malamai za ta zauna ranar Litinin ta farko bayan hutu ta sa hannu a kan sakamako, daga nan alƙalami ya bushe.

A makarantar Mishan inda aka rene ni, an cusa mana cewa mutum ba ya sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba. Ina ɗaure takardun sai na tuna cewa kasuwannin nan uku da nake kira masu barci, ban taɓa taka ko ɗaya ba. Hutun mako uku ne. Na haɗa akwatina.

Jirgin ƙasa ya ɗauke ni zuwa Gusau. A taragon na zauna kusa da wani falken fatu, wanda ya dubi farin kakina da lakataye da agogon aljihuna, ya tambaye ni ko alƙali ne ni na Turawa. Na ce malami ne, ina koyar da yadda ake ciniki. Ya ce, "To Malam, kai me kake sayarwa?" Na ce ba na sayar da kome. Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi kamar yadda ake yi wa marar lafiya.

Daga Gusau sai babbar mota. Direban ya ce mini yanzu za a tashi. Lokacin hantsi ne. Na ciro agogo na nuna masa sau uku, a karo na uku ya roƙe ni in ba shi ya gani, ya yaba kyansa, ya mayar mini, ya koma ya kwanta a ƙarƙashin motar. Bayan la'asar muka tashi. Kafin mu kai Talatar Mafara mun kafe a rairayi sau biyu, kuma a nan na koyi cewa a wannan hanya babu fasinja, kowa ma'aikaci ne. Na tura mota tare da mahauta da masu tallan gishiri. Farin kakin bai ƙara zama fari ba har na dawo gida.

A Sakkwato ban daɗe ba. Na karɓi takarda zuwa ga hakimai, na saba kunnena da Hausarsu, wadda take da daɗi amma sai mutum ya natsu, sannan na nufi Rabah.

A Rabah an sauke ni a gidan wani maɗinki, Malam Bawa, mutum mai yawan dariya. Ya kawo mini hoce, wato wata irin gurasa ta dawa mai kauri da ban taɓa ci ba, da miyar kuka, da ƙwaryar fura wadda a Zazzau mutum uku za su raba. Da aka kira azahar ya ga ban motsa ba, ya ce, "Malam, ga buta." Na gaya masa ni Kirista ne. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "To, Allah dai ɗaya na. Kai dai tsare min hurag ga daga ƙuda har in dawo." Na tsare ta da aminci.

Ranar kasuwa na tafi rumfar masu albasa da littafina. Na tambayi na farko, ya ce kwabo. Na biyu, kwabo. Na bi layin har ƙarshe, kowa kwabo. Na rubuta cewa jadawali ya yi daidai, na ja layi a ƙarƙashi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, har na sayi ƙosai, abin da ban taɓa yi a kan titi ba. Na yi niyyar juyawa gida daga nan. Abin da ya hana ni shi ne, kasuwa uku ce a jadawalin, kuma ba na barin aiki a kashi ɗaya cikin uku.

Zuwa Wurno ba mota a ranar, sai na yi hayar jaki daga wani dattijo, Tsoho Dikko, wanda ya rako ni a ƙasa yana ba ni labarin duk wanda ya mallaki kowace gona da abin da ya kashe kakansa. Iyakar ƙasar Rabah da ta Wurno ba allo, ba dogari, ba kome sai wata tsamiya. Muna isa gindinta jakin ya tsaya cak. Na buga masa dunduniya, ko gezau. Tsoho Dikko ya ce, "Malam, jakin ga bai taɓa ƙetare tsamiyag ga ba. Shi mutumin Rabah na." Na ce dabba ba ta san iyakar hakimi ba. Ya ce, "Kai ka hwaɗa mishi." Muka zauna a inuwa har wani mai jakai daga Magarya ya iso, aka mayar da akwatina kan jakin Wurno, wanda shi kuma ya tafi da ni ba gardama. Na rubuta wannan kamar yadda ya faru. Bayaninsa ban da shi.

A Wurno ne na yi abin kunyar da ya fi kowanne. Na je wurin wata korama, wato mai auna hatsi, wadda kowa yake kira Inna Hajo. Na nemi mudun gero. Ta cika mudun, ta ci gaba da zubawa har ya yi tozo, ta kuma kare gefe da tafin hannunta don kada ya zube. A wurina awo awo ne, abin da ya wuce baki ba ya cikin lissafi. Na ciro rula daga aljihu na shafe tozon daidai da bakin mudun, geron ya koma cikin tabarmarta.

Kasuwar ta ɓarke da dariya. Inna Hajo ta riƙe haɓa.

"Kai Malam! Mi kaka yi? Aski ka zo yi ma geron?"

Na ce ina son in san mudu na gaskiya ne.

"Na gaskiya? Wanda nab ba ka na ƙarya na? Jama'a ku zo ku ga mutum, an ba shi ya maido!"

Wata da ke kusa ta ce, "Bar shi, Inna, ƙila a garinsu haka aka yi."

"To Allah shi kyauta ma matan garinsu."

Na ba ta haƙuri yadda ya kamata, na kira ta Inna, ko da yake ina jin na girme ta. Da ta huce ta ce in zauna. Ta ɗauki mudun ta nuna mini. Da kaka, in ji ta, takan yi tozo ta kare da hannu biyu. Yanzu da bazara hannu guda. In damina ta yi tsakiya, rumbuna sun yi ƙasa, ita da kanta take shafe shi, "ba sai wani ya taho da sandarshi ba." In abin ya yi tsanani kuma akwai ƙaramin mudu a gida. Na tambaye ta kuɗin fa. Ta ce, "Kuɗi suna nan inda suke. Mi za ya tashe su?"

Waɗannan kusan kalmomin Umaru ne. Amma magana ba hujja ba ce, ko ta fito daga bakin dattijuwa. Na nemi malamin kasuwa, mutumin da shekara da shekaru nake karanta rubutunsa ban san fuskarsa ba. Sunansa Malam Sambo. Na same shi a rumfarsa, alƙalumansa a jere bisa tsawonsu, littafinsa ba ɗigon tawada ko ɗaya. Nan take na ji ina girmama shi. Na tambaye shi ko ya san tozo yana raguwa. Ya ce kowa ya sani, har awaki. Na ce to me ya sa bai rubuta ba? Ya buɗe takardar da ake aiko masa, ya nuna mini da yatsa. "Ga gurbin suna, ga gurbin rana, ga gurbin kuɗi. Ina gurbin tozo, Malam? Abin da anka tambaye ni shi nika rubutawa." Ni ma da haka zan yi.

Daga Wurno zuwa Goronyo hanya tana bin fadama, ko'ina garka ce, wato lambun albasa, da jigo yana ɗaga ruwa. Gulbin ya janye saboda rani, aka ce in tuɓe takalmi in taka. Na naɗe wando har gwiwa a gaban mata masu wanki, waɗanda suka ba ni shawara iri-iri da ban nema ba. A Goronyo na sauka a gidan wani dillalin albasa. Ɗakin baƙinsa jikin rumbun albasa yake, kuma daga ranar kome nawa ya ɗauki warin, har littafin addu'ata. Amma an ba ni tuwon shinkafa da kifin gulbi wanda har yanzu nake tunawa.

A wannan karo na yi abin da ya kamata in yi tun a Rabah. Ranar kasuwa tun da hantsi na roƙi wani mai albasa, Baba Na'Allah, ya bar ni in zauna kusa da shi yini guda. Ya ce in ban tsoron rana bismilla. Na ƙirga albasar da ke cikin kashinsa na kwabo: tara ne, manya. Na tuna na Rabah, wanda ban ƙirga ba saboda murna, amma na san bai cika tafin hannuna biyu ba. Wannan kuwa sai da na tara shi a hula.

Wajen azahar sai ga fatake sun iso da raƙuma, suna neman albasa buhu-buhu za su kai kudu. Dillalai suka tashi tsaye, aka fara ɗaure buhuna. Baba Na'Allah ya dubi raƙuman, ya dubi abin da ya rage a layin, sai ya sa hannu ya bi kashinsa ɗaya bayan ɗaya yana zare biyu-biyu. Na duba hagu da dama, duk layin haka ake yi, ba wanda ya yi shawara da wani. Da la'asar aka sake zare biyu, kashin ya koma biyar, biyu a ciki ƙanana. Wata mata ta zo ta tambaya, ya ce kwabo.

Ta ce, "Haba Baba, wanga kashi ko na ɗan tsako?"

Ya ce, "Tambayi raƙuman can, ɗiyata, su sunka cinye."

"To gyara."

Ya ɗora mata wata 'yar ƙarama, ta yi tsaki, ta kwance kwabonta daga bakin zane, suka rabu suna dariya.

Na tambaye shi don me bai bar tara ɗin ba ya ƙara kuɗi. Ya dube ni irin kallon da falken fatu ya yi mini a jirgi. "Malam, mace ta hito gida da kwabonta guda, in ce mata kwabo da anini? Ina tag ga anini? Sai ta koma ba miya, ta ce ma duk unguwa Na'Allah ya yi tsada. Amma in na rage biyu, ta zage ni kaɗan, in gyara mata, gobe ta dawo. Kai a makarantarku mi aka koya muku?"

Na gaya masa gaskiya, cewa ni ne mai koyarwar. Ya ce Allah shi ba da sa'a.

Kasuwar da na shekara ina kira mai barci, a gabana ta motsa sau biyu tsakanin hantsi da la'asar, kuma ta fi ni saurin lissafi. Washegari na nufi Taloka.

Na sami Umaru a garkar mahaifinsa, yana jan jigo, ƙafafunsa duk laka. Da ya hango ni ya saki igiyar, gugan ya koma ruwa. Ya durƙusa yana gaisuwa, yana jiran abin da zan ce, domin ya san malami ba ya bin ɗalibi har gida sai da mummunan labari. Mahaifinsa, Malam Garba, ya shimfiɗa mini tabarma a gindin giginya. A wurinmu ba a saba malami ya ƙasƙantar da kansa a gaban ɗalibi ba, balle a gaban iyayensa, kuma na yi ta juya maganar a raina tun daga Goronyo ina neman hanyar da za ta fi sauƙi. Ban samu ba. Na ce, "Umaru, na kayar da kai a jarrabawa saboda ka saɓa mini. Na zo na duba. Kai ne da gaskiya, ni ne na yi kuskure, kuma zan gyara."

Umaru ya sunkuyar da kai. Malam Garba kuwa sai da aka maimaita masa bayanin sau biyu. Da ya gane, ya tafa hannu.

"Ashe don albasa kat taso tun daga Zazzau, Malam? Da ka aiko, da mun aika maka buhu!"

Ya so in kwana uku. Na ce ba hali, domin jakai da gulbi da jiran ranakun kasuwa sun cinye hutun, kuma in majalisa ta zauna ba ni, jan layin nan ne zai tsaya. Duk da haka bai bar ni na tafi ba sai da buhun albasa, wanda na ƙi karɓa sau uku saboda kada ya zama kamar toshi, har ya ce in ban ɗauka ba zai bi ni da shi a ka har Sakkwato. Na karɓa, na raba wa fasinjojin mota a gaban shaidu.

Komawar ta fi zuwan wuya. Motar Sakkwato ta lalace kafin Gusau, muka yini a bakin hanya ana ɗaure wani ƙarfe da igiya. Da muka isa, jirgin fasinja ya tafi, na gaba kuma sai Talata. Na je wurin shugaban tasha na yi masa bayani tun daga jadawali har raƙuma. Ina jin don ya rabu da ni ne ya yarda in shiga taragon gadi na jirgin kaya, a tsakanin buhunan gyaɗa. Na sauka Zariya da safiyar Litinin, na wuce kwaleji kai tsaye, ban yi wanka ba, ban goge riga ba. Abokan aikina da suka gan ni a ranar suna iya ba da shaida, kuma na san sun riga sun bayar.

An kai ga sunan Umaru lokacin da na shiga zaman majalisar. Na nemi izini na tsaya, na ce ina janye makin da na ba shi. Shugaban kwaleji, wanda Bature ne mai son ƙa'ida, ya ce ba a sauya maki sai an sami kuskure a wajen dubawa. Na ce an samu, kuma kuskuren ba a takardar ɗalibi yake ba, a darasin malami yake. Na karanta musu abin da na gani a Wurno da Goronyo. Ya tambaya ko na gane cewa wannan yana nufin sauran ɗaliban duka sun rubuta abin da ba daidai ba. Na ce sun rubuta abin da aka koya musu, ba za a hukunta su da laifina ba. Aka yi shawara, aka amince. Umaru ya ci jarrabawa, zai karɓi takardar shaidarsa tare da 'yan ajinsu. Ban ba shi cikakken maki ba, kuma na rubuta masa dalili: ya san gaskiya amma bai ƙirga albasar ba.

Abin da ya rage yanzu shi ne waɗanda suka riga suka wuce ta hannuna. Da yawa cikinku masu tambayata labarin nan tsofaffin ɗalibaina ne, wasunku suna koyarwa a makarantu, kuma na san kuna da darasin kasuwa mai barci a littattafanku, domin ni na tilasta muku kwafe shi da kyau. Kowa ya ɗauko littafinsa yau, ba gobe ba. Ku soke darasin da jan tawada, layi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, kada ku yage shafin. A ƙasa ku rubuta cewa malam ya yi kuskure.